Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Kalmomin Ƙarar Ƙarfe da Ƙararrawa a Ingilishi da Yadda Suke Faɗa wa Kunnen Bahaushe

Maƙalar da aka gabatar a taron malaman harshe da masu fassara, Nassarawa GRA, Kano

Tsakure

Ingilishi yana da tarin kalmomi na ƙarar ƙarfe, irin su *ring*, *clang*, *clink*, *tinkle*, *jingle*, *chime*, *peal* da *toll*, waɗanda ɗalibanmu da masu fassararmu kan dunƙule su duka su ce "ƙara". Maƙalar tana nuna cewa ba talaucin Hausa ne ya jawo haka ba. Ingilishi yana ajiye amon a cikin aikatau, Hausa kuwa tana ajiye shi a cikin amsa-kama, mu kuma muna nemansa inda ba a ajiye shi ba. Akwai kuma wani rukuni na kalmomin da ba amo suke ɗauke da shi ba, al'adar coci ce, kuma su hanyarsu daban.

Gabatarwa



Unguwar da muke zaune a cikinta yau tana da hannu a wannan magana. A nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa yana nan har yanzu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke riƙe da shi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Makaranta da tasha da bariki, dukansu wurare ne da ake kiran mutane da bugun ƙarfe. Kafin nan Bahaushe da rana da salla yake auna yininsa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Da aka rataye ƙarfe ana buga shi sau biyu in sa'a biyu ta yi, sau uku in uku ta yi, sai harshen ya ɗauki abin da kunne ya ji, shi ya sa har gobe muke tambayar "ƙarfe nawa?" ko da a fuskar waya muke duba lokacin. Abin sha'awa, Ingilishi ma ta wannan ƙofa ya bi. Kalmar *clock* daga *clocca* take, wato ƙararrawa a Latin na tsakiyar zamani, kuma 'yan'uwanta suna nan a Faransanci da Jamusanci, *cloche* da *Glocke*, har yau da ma'anar ƙararrawa.

To, harsuna biyu da suka haɗu a kan ƙarfe tun farko, me ya sa suke kasa fahimtar juna idan ƙarfen ya yi amo?

Inda Ingilishi ke ajiye amo

Mu fara da waɗanda baki ke kwaikwaya: *clink*, *clank*, *clang*, *ding*, *dong*, *ping*, *tinkle*, *jingle*, *jangle*. Wanda ya haddace su ɗaya-ɗaya daga ƙamus zai sha wuya, domin ba a warwatse suke ba, tsari gare su, kuma tsarin a cikin sautinsu yake.

Wasalin tsakiya shi ke faɗar girman abin. Inda aka ji *i*, abin ƙarami ne kuma muryarsa siririya: cokali a jikin kofin shayi *clink* yake yi. Inda aka ji *a* ko *o*, abin ya yi nauyi: sarƙar da ake ja a bayan tirela *clank* take yi, ƙofar ƙarfe da aka banko ta yi *clang*. Masana sun daɗe da lura da wannan. Otto Jespersen ya yi rubutu kan wasalin *i* da ƙanƙanta a 1922, Edward Sapir kuma a 1929 ya gwada mutane da kalmomin ƙirƙira, *mil* da *mal*, ya tambaye su wanne ne ƙaramin tebur wanne ne babba, mafi yawansu suka ba *mal* babban.

Ƙarshen kalmar kuma shi ke faɗar tsawon ran amon. Wadda ta ƙare da *ng* amonta yana ja, yana yawo cikin iska kafin ya mutu. Wadda ta ƙare da *nk* an datse ta, tsayau ɗin nan *k* ya rufe mata baki. Tsakanin *clang* da *clank* ke nan: a ta farko ƙarfen a rataye yake ko a sake, yana da damar kaɗawa, a ta biyu yana kwance ko yana riƙe, ya yi ƙara ya yi shiru. Sai ɗafa-ƙeyar *le*, wadda aikinta maimaitawa: *tink* sau ɗaya ne, *tinkle* a jere. *Jingle* ƙananan ƙarafa ne da yawa suna taɓa juna cikin daɗi, kamar makullai ko tsabar kuɗi a aljihu. Da zarar an mayar da wasalin *a*, aka ce *jangle*, daɗin ya tafi, ya zama ƙarar da ke damun kunne, har Bature kan ce jijiyoyinsa suna *jangle* idan hankalinsa ya tashi.

Abin da nake so a riƙe shi ne, duk waɗannan aikatau ne. Kowace tana karɓar lokaci, tana karɓar mai aikatawa, tana tsayawa da ƙafarta a jimla. Bature ba ya bukatar cewa ƙofa ta yi wani abu. Kalma ɗaya ta faɗi aikin ta kuma faɗi amon.

Inda Hausa ke ajiye shi

Mu aikatau ɗinmu a wannan fage kaɗan ne, kuma faffaɗa: buga, kaɗa, ƙwanƙwasa, faɗi, yi. Sunayen ma haka: ƙara, amo, sauti. Wanda ya tsaya nan zai yanke hukuncin cewa Hausa kurma ce. Amma a saurari uwar gida a tsakar gida lokacin da yarinya ta saki faranti. Ba za ta ce ya faɗi ya yi ƙara ba. Cewa za ta yi, "Ke, me na ji ya faɗi kwangaram?" Amarya ta wuce da awarwaro, sai a ce tana tafe kacau-kacau. Baƙo a bakin ƙyaure, ƙwas-ƙwas. Buhu ya faɗo, tim. Kwanuka sun haɗu a wurin wanke-wanke, kwaramniya ta hana mai gida barcin rana. Duk bambancin da Ingilishi ya cusa cikin aikatau, mu mun fito da shi waje mun ajiye a gefen aikatau, a cikin ajin kalmomin da muke kira amsa-kama.

Wannan aji ba baƙo ba ne ga masana. C. M. Doke ya ba shi ma'anar da aka fi amfani da ita a 1935, yana nazarin harsunan Bantu. Paul Newman ya duba matsayinsa a jimla a 1968, Farfesa M. K. M. Galadanci ya rubuta a kansa a mujallar Harsunan Nijeriya a 1971, sannan Newman ya sake ware masa babi a babban nahawunsa na 2000. Abin da suka nuna, kuma kowane Bahaushe ya sani a bakinsa, shi ne amsa-kama ba ta bin dokar sauran kalmomi. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ita kuwa ta fi son ƙarewa da baƙi, kuma sau da yawa ana ɗaga mata murya sama da sauran jimlar.

Da aka jera tsarin biyu, kamanninsu ya fi yadda ake zato. Ɗan hanci a ƙarshe yana jan amo a Hausa kamar yadda yake yi a Ingilishi: kwangaram, dim, tangaran. Hasali ma, *n* ta ƙarshen kalma, kamar a "nan" da "can", daga can hanɗa muke furta ta, wato sautin da Bature ke rubutawa *ng*. Yaron Kano da ake koya wa *clang* yana da sautin a bakinsa tun yana goye. Baƙi mai datsewa kuma yana kashe amo: ƙwas, ƙas, cas. Aikin da *le* ke yi, ninki ke yi mana: ba a cewa kacau sau ɗaya sai abin ya motsa sau ɗaya. Muna ma da abin da Ingilishi ba shi da shi, wato tunkuɗau ɗin nan ƙ, wanda ya mamaye wannan fage: ƙarfe, ƙara, ƙararrawa, ƙwanƙwasa, ƙarau. A kunnena, kaifin da ke cikin bugun ƙarfe ƙ ta fi kowane baƙin Ingilishi kama shi.

Har sunayen kaya ma wasu amonsu suka ci. Ƙarau, awarwaron gilas, sunansa ƙararsa. Gwangwani ma haka, abin da har ya ba 'yan gwangwan suna, masu bin unguwa da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa.

Kuma kada a ce ƙasar Hausa ba ta san kiɗan ƙarfe ba sai da Turawa suka zo. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa ya kawo kuge, ƙarfen fada da ake bugawa don shela da yaƙi. Da sambani, wanda mata ke kaɗawa a bukukuwan Mauludi. Da akayau da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa. Da ceba, ɗan faifan ƙarfe mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya don ya riƙa zuza a bayan kiɗan. Wannan na ƙarshe abin lura ne. Kunnen Bature yana son amon ƙararrawa garau, babu gauraye. Makaɗin Hausa kuwa da gangan yake ƙara wa kiɗansa zuza. Abin da Bature zai kira *jangle* yana yamutsa fuska, mai garaya kuɗi ya biya maƙeri ya ƙera masa shi. Saboda haka ko hukuncin daɗi da rashin daɗi da ke cikin kalmomin Ingilishi ba ya ƙetarowa kai tsaye.

Kalmomin hasumiyar coci

Rukuni na biyu shi ne mai wahalar, kuma amsa-kama ba za ta fisshe mu ba: *chime*, *peal*, *toll*, *knell*. Yawancin waɗannan ba kwaikwayon sauti ba ne. *Chime* ta samo asali daga kalmar *cymbal*, *peal* kuma gutsuren *appeal* ce, wato kira. Ƙararrawa ɗaya za ta iya yin *toll* da safe ta shiga cikin *peal* da yamma, ƙarfen bai sake ba. Abin da ya sake shi ne yadda aka kaɗa da dalilin kaɗawar. *Toll* bugu ne ɗaya-ɗaya, a hankali, da tazara, galibi don mutuwa. *Knell* ita ce wannan ƙarar ta mutuwa kanta. *Peal* ƙararrawa ce da yawa suna bin juna da ƙarfi, don aure ko nasara. *Chime* jerin muryoyi ne masu daɗi, irin na agogo kafin ya buga sa'a. Wanda ya saba sauraron BBC ya san na hasumiyar majalisar Ingila, inda babbar ƙararrawar da ake kira Big Ben, mai nauyin fiye da tan 13, take bugawa tun 1859.

Ingilishi ya tara waɗannan ne saboda ƙauyen Ingila da ƙararrawa yake magana. A ƙarni na 17 har fanni suka mayar da kaɗa ta, da ƙa'idojin sauya jeri, Fabian Stedman ya wallafa littafi a kai a 1677. Mu kuwa tarihinmu ya bi wata hanya tun daga tushe. Hadisai sun nuna cewa da Musulmi suka zauna a Madina neman yadda za a kira salla, an kawo shawarar naƙus irin na Nasara da ƙaho irin na Yahudu, aka bar su aka ɗauki muryar mutum. Don haka a birnin Kano ladan ke tayar da mutane, rasuwa da baki ake sanar da ita, a masallaci ko a rediyo, murnar aure kuma guɗa ke faɗarta, naɗin sarki tambari da kakaki. Aikin *peal* a wurinmu guɗa ke yin sa. Sai mutum ya bi ta Sabon Gari ranar Lahadi kafin ya ji ƙararrawa a irin aikinta na Turai.

Malamanmu na zaure ma sun ci karo da irin wannan matsala tun kafin boko. A farkon Sahihul Bukhari, inda Harisu ɗan Hishamu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda wahayi ke zuwa masa, an kamanta nau'i mafi tsanani da amon ƙararrawa, da kalmar Larabci *salsala*, wadda ita ma ninki ce mai kwaikwayon sauti. Malami a zaure ba ya tsayawa kan kalma ɗaya. Yakan fassara, ya ƙara bayani, har ya kwatanta da baki. Wannan dabara ta fi ta ƙamus, kuma ita nake ba mai fassara shawara a kan wannan rukuni. Idan labari ya ce ƙararrawa ta yi *toll*, kada a cire ƙararrawar a sa wani abu namu, domin labarin ba a Fagge yake faruwa ba. A bar ta, a faɗi yadda aka kaɗa: ana buga ƙararrawar coci ɗaya-ɗaya, irin bugun da suke yi in an yi rasuwa. Ya fi tsawo, amma mai karatu ya san an mutu. Ɗalibin adabi da ya ɗauki littafin Ernest Hemingway na 1940, *For Whom the Bell Tolls*, yana zaton ƙararrawar tashi daga makaranta ce, ya rasa littafin tun daga bango.

A aji da ɗakin labarai

A makarantun firamare da yawa abin da muke kira ƙararrawa tsohon wilin mota ne a rataye a reshen darbejiya, da guntun rodi a gindin bishiyar. Monita ya zo ya ɗauki rodin ya rafka masa, amon ya cika unguwa har awaki su watse. A littafin Turanci kuwa an rubuta cewa ƙararrawar makaranta tana *ring*. Malami ya nuna wilin ya ce *ring*. Waya ta yi ƙara, *ring*. Keke ya wuce, *ring*. Yaron ya fita sakandare da kalma ɗaya tal, sauran kuma ya haɗa su cikin *make noise*. Alhali abin da wilin nan yake yi *clang* ne tsantsa, kuma da malamin ya tambayi ajin da Hausa yadda ya yi, da yara sun ba shi amsa da baki ɗaya, kowa da irin tasa amsa-kamar. Darasin yana rataye a bishiya, ana wuce shi kullum.

Haka mai yankan farce da ke bin layi yana kaɗa almakashi don a san ya iso, da mai shayi da ke juya cokali a kofi, da maƙeri da masabarsa a kan uwar maƙera. Malamin da ya fara da tambayar wanne ne siriri, wanne ne mai kauri, wanne ya ja, wanne ya tsaya, sannan ya kawo kalmar Ingilishi, zai ga yara suna cankar ma'anar *clink* da *clang* kafin ya faɗa. Na gwada haka da ɗalibai manya, kuma inda suka fi tuntuɓe ba a wannan rukuni ba ne, a na cocin ne.

Abin da ke damuna shi ne ɓarnar ta fara cin gida. Matasanmu na birni suna cewa waya tana ringin, an yi musu filashin, a zamanin BlackBerry kuma kowa yana fingin, wanda daga *ping* yake. Aron ba laifi ba ne, harshe mai rai dole ya ara. Amma a rubutun Hausa na ɗalibai amsa-kama tana janyewa, kamar suna ganin kalmar kasuwa ce da ba ta dace da takarda ba. Wanda ya bar kwangaram a gida, ya zo makaranta bai sami *clang* ba, ya yi biyu babu.

A ɗakin labarai kuma matsalar salon magana ce, domin Ingilishi ya gina maganganu da yawa a kan waɗannan kalmomi. Kullum muna jin an "kaɗa ƙararrawar gargaɗi", wanda ɗauko *alarm bells* ne ɗungurungum, alhali muna da jan kunne da hannunka-mai-sanda. Idan Bature ya ce suna ya yi masa *ring a bell*, nufinsa kamar ya taɓa jin sunan. *Chime in* sa baki ne. *Ring true* da *ring hollow* daga gwajin tsabar kuɗi suka fito, lokacin da ake jefa azurfa a kan dutse a saurari amonta. Tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi da suka yi ciniki da sule kafin naira ta zo a 1973 sun san wannan gwaji na raba nagari da jabu, amma maganar ba ta zama karin magana a wurinmu ba, mu cewa muke zance ya kama hankali, ko kuwa fatar baki ce. Guda ɗaya ce harsunan biyu suka yi karo a kanta ba shiri: *drop a clanger*, wato mutum ya saki magana a taro ta faɗi da ƙara kowa ya juyo. Mu ma ɓaram-ɓarama muke cewa.

Abin da ƙamus zai gyara

Ƙamusun Bargery na 1934 yana cike da amsa-kama, haka na Abraham na 1949, haka Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kayan suna nan. Matsalar ita ce daga Hausa ake shiga a same su, wato sai wanda ya riga ya san kalmar zai iya nemo ta. Mai fassara kuwa daga ɗaya ƙofar yake shigowa, da *clank* a hannunsa, kuma tsarin ƙamus mai harshe biyu yana matsa wa marubucinsa ya ba aikatau aikatau, suna suna. Ko ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kawo misalai cikin jimla, ƙamus ne na harshe baki ɗaya, ba zai iya shimfiɗa wannan lungu yadda ya kamata ba.

Shawarata ita ce ƙaramin ƙamus na amo, wanda za a tsara bisa abin da ya yi ƙarar, ba bisa abacada ba: ƙarfe mai nauyi, ƙananan ƙarafa, gilas da tangaran, ƙararrawa. A tattaro amsa-kamar daga bakin masu sana'a, maƙera da masu walda da makaɗa da matan gida, a naɗi muryarsu, domin karin sauti da ɗaga murya rabin ma'anar ne kuma rubutun boko ba ya nuna su. A nuna inda Kano ta bambanta da Sakkwato da Katsina da Maraɗi, kada a zaɓi ɗaya a ce ita ce daidai. A ƙarƙashin *clang*, misali, ba za a rubuta "ƙara" a wuce ba. Za a faɗi cewa ƙarfe ne babba, bugu ɗaya, amo mai ja. A kawo jimla, murfin tukunya ya faɗi kwangaram. Sannan a tura mai karatu ga *clank* da *clink* ya ji inda suka rabu.